Lamba Bakwai da Tsohuwar Fitila

Litinin, 4 ga Satumba

Kyankyasai shida yau. Biyar sun yi kyau. Na shida na huda masa zuciya da bakin almakashi, hannuna ya riga idona.

Shekara goma sha bakwai ina wannan aiki a ɗakin gwajin nan, ban taɓa rubuta yadda nake yin sa ba. Bari in rubuta, ko na riƙa duba kaina da shi. A ɗora kyankyaso kan ƙanƙara har ya yi lamo. A cire kai da ƙafafu, a buɗe cikin ta ƙasa, a kwashe hanji da kitse a hankali. A kafe fatar bayan da fil a ɗan faranti mai kaki. Zuciyar tana manne da gadon baya, doguwa, siririya kamar zare, sam ba irin tamu ba. A zuba mata ruwan gishiri. Sai ta ci gaba da bugawa, ba kai ba ƙafa, har awa biyar ko shida. Har yau abin yana ba ni mamaki, ban dai faɗa wa kowa.

Nawa ƙirge ne. Ido a madubin ƙara girma, babban yatsa a kan ƙas-ƙas, ɗan abin ƙirgen nan na hannu, agogo minti ɗaya. Kowane bugu latsawa ɗaya. In ƙirga kafin a ɗiga magani, a ɗiga, a jira minti biyu, in sake ƙirgawa.

Aikin na Malama ne, ɗalibar Farfesa mai neman digiri na uku. Koyarwa take yi a wata kwaleji, hutun karatu suka ba ta, zai ƙare ƙarshen Nuwamba. In ba ta miƙa kundinta kafin nan ba, za ta koma aji hannu wofi. Ranar da ta fara zuwa ta ce min, "Kawu, ka san jijiya tana aika wa zuciya saƙo? Ɗan sinadari take saki cikin jini, nuropeftaid sunansa. Wani ya ce mata yi sauri, wani ya ce sassauta." Na gyaɗa kai kamar na sani tuntuni. Rabi na sani.

Guda goma sha biyu ta tato daga kan kyankyaso, ta sa musu lamba. Goma sha ɗaya ba su yi komai ba. Lamba Bakwai shi ne ɗan lelenta.

Laraba, 6 ga Satumba

Da safe ruwan gishiri zalla, don a ga ko ɗigon kansa yana canza wani abu: 71 ya zama 72, 70 ya zauna 70. Da yamma Lamba Bakwai: 72 ya zama 96, 69 ya zama 95.

Kullum haka muke yi, zalla da safe, Bakwai da yamma, domin haɗa shi yana cinye wa Malama safiya guda, kuma ba ya kwana.

A gida ina duba saƙo a waya, Maman yara ta ɗago daga kan keken ɗinkinta ta ce, "Baban yara, ko in riƙe maka ita daga bakin ƙofa? Na ga hannun naka ya kusa ƙarewa." Na ce rubutun wayoyin yanzu ne ƙanana. Ta ce e, har lambar gidanmu ma an ƙanƙance ta kwanan nan.

Juma'a, 8 ga Satumba

Farfesa ya shigo da baƙo daga wata jami'a. Ya dafa kafaɗata ya ce idon wannan ya fi kyamara. Baƙon ya yi dariya ya ce su kam kyamara da kwamfuta ke yi musu ƙirgen, sun daɗe da hutar da mutane.

Hutar da mutane. Na wuni ina jujjuya maganar. Sakandare kawai na gama. In ba ido ba, me nake da shi a ɗakin nan?

Talata, 12 ga Satumba

Ƙwan fitilar tebur ya mutu. Mai sito ya ce irin wannan an daina kawowa tun ina da gashi. Ya ba ni sabuwar fitila gaba ɗaya, mai farin haske, ya ce, "Wannan har jikokinka su gada." Na ajiye tsohuwar a ƙasan kabad, ban iya yar da abu ba.

Laraba, 13 ga Satumba

Lamba Bakwai: 71 ya zama 72. Na biyu, 73 ya zama 71. Na uku, 70 ya zama 70.

Na sake ƙirga kowanne sau biyu. Haka dai.

Alhamis, 14 ga Satumba

Malama ta ɗora wa kanta. "Ko na bar shi a waje ya daɗe ne, Kawu? Ko firjin ne?" Ta zubar da wanda ta haɗa, ta wanke komai, ta ce ranar Litinin za ta ciro sabo daga babban firji. Na ce mata abin yana faruwa. Da zuciya ɗaya na faɗa, wannan kam zan iya rantsewa.

Litinin, 18 ga Satumba

Sabo ma bai yi komai ba. Zuciya huɗu, shiru.

Ta tsaya a bayana tana ƙirgawa da baki tare da ƙas-ƙas ɗina, ina jin numfashinta. Da na faɗi lambar ƙarshe ta ce na gode, ta fita. Da na je wanke faranti na same ta zaune a matattakalar baya, ta kifa kai a gwiwa. Na koma a hankali ba ta gan ni ba.

Zuciya ɗari da arba'in muka yi da Bakwai tun watan Yuni. Su ne babi na huɗu gaba ɗaya, shi ne kuma ƙashin bayan kundin.

Talata, 19 ga Satumba

Ban san yadda zan rubuta wannan ba. Bari in bi shi daki-daki.

Da yamma, bayan an ɗiga Bakwai, na miƙa hannu zan jawo fitila kusa. Sai na ga na naɗe yatsuna cikin bakin hannun rigar aiki tukuna, kamar yadda na saba, don kada kan fitilar ya ƙone ni. Na taɓa. Sanyi ƙalau.

Na zauna da hannuna a kan fitilar ban san iya daɗewar da na yi ba.

Ga abin da nake yi tun wajen watan Mayu, ban taɓa faɗa wa kaina da baki ba. Da safe rana tana shigowa ta tagar gabas, ina ganin zuciya tar, ko kunna fitila ba na yi. Da yamma rana ta juya, idona ya gaji. Kafin ɗigo ina lallaɓawa in gani. Da an ɗiga, ruwa ya ƙaru a kan zuciyar, sai ta yi min dishi-dishi. Sai in sauko da fitila har ta kusa taɓa farantin. Sannan in jira minti biyun nan da aka ce.

Minti biyu, ɗan ruwan da bai cika cokali uku ba, da ƙwan da ke ƙona yatsa.

Zafi yana sa zuciyar ƙwaro sauri. Wannan shi ne abu na farko da aka koya min a makon da na fara aiki.

Wataƙila ba haka ba ne. Ban auna ba tukuna.

Alhamis, 21 ga Satumba

Na samo ƙwai irin na da a shagon wani mai kayan wuta a hanyar gida. Yau da kowa ya fita cin abincin rana na ciro tsohuwar fitila, na sa ma'aunin zafi a cikin faranti. Ruwan gishiri zalla, ba Bakwai ko ɗigo.

Na farko, 70 ya zama 94. Na biyu, 72 ya zama 97. Na uku, 68 ya zama 91. Ruwan ya tashi daga 24 zuwa 29.

Na yi na huɗu, ko Allah zai sa. 95.

Wato wata uku ba Lamba Bakwai nake ƙirgawa ba. Fitilata nake ƙirgawa.

Juma'a, 22 ga Satumba

Ban faɗa ba. Ba ta zo da wuri ba, sannan Farfesa yana da taro.

Ƙarya ne. Ta zo ƙarfe tara.

Litinin, 25 ga Satumba

Ban yi niyya ba. Na rubuta hakan ne don shi nake ta faɗa wa kaina tun ɗazu, amma ban tabbata ba. Wanda bai yi niyya ba me ya hana shi mayar da tsohuwar fitila kabad tun ranar Alhamis?

Na shirya maganar tun a mota. Malama, akwai abin da nake son ki gani. Ta shigo ƙarfe biyu da 'yar kwalbar a tafin hannu, idonta a kumbure, ta ce wannan shi ne haɗi na uku, ta canza har ruwan da take narkawa da shi. Ta ce, "Kawu, in wannan ma ya ƙi, ban san me zan ce wa Farfesa ba." Ta ɗiga. Ta juya baya, wai ba za ta iya kallo ba.

Fitilu biyu a gabana. Ina kallon hannuna ya wuce sabuwar.

97.

Ta yi ƙara har mai shara ta leƙo tana tambayar ko kyankyaso ne ya hau ta. Malama ta ce, "Ya dawo! Ashe ruwan ne! Kawu, hannunka da albarka!" Ta ruga ofishin Farfesa da takardar a hannu.

Na wanke farantin sau uku, ban san dalili ba.

Laraba, 27 ga Satumba

Ta ce gwaji ya isa haka, saura rubutu. Wato ba zan sake jawo fitilar ba. Na ji sauƙi, sannan na ji kunyar jin sauƙin.

Asabar, 30 ga Satumba

Maman yara ta tasa ni gaba zuwa asibitin ido, bayan ta kama ni ina karanta takardar makarantar yara a tsakar gida da rana tsaka, hannu a miƙe. Likitan bai yi minti ashirin da ni ba. Ya ce, "Shekaru ne, Malam, ba ciwo ba. Kowa ya haura arba'in sai ya zo mana." Ya ɗora min gilasai a hanci, ƙananan baƙaƙen da ke ƙasan allo suka fito kamar an wanke su.

Minti ashirin. Da na zo tun Mayu.

A hanyar dawowa tana ta tsokanata wai yanzu na zama Farfesa, saura tumbi. Na kasa dariya. Ta dube ni.

Talata, 3 ga Oktoba

Tabarau yana aljihuna, ba na sa shi sai ba kowa. Na gwada shi a madubi da yamma, na gyara madubin daidai da shi. Zuciya tar, har ƙananan ƙofofin da ke gefenta ina ganin suna buɗewa suna rufewa. Na manta rabon da in gan su.

Alhamis, 5 ga Oktoba

Na je teburinta da niyya. Kafin in buɗe baki ta juyo min da kwamfuta, ta ce in karanta. Shafin godiya ne. Iyayenta, Farfesa, sai ni, kafin ma mijinta. Wai wanda idonsa da haƙurinsa suka ɗauki nauyin wannan aiki.

Ta ce, "Kar ka faɗa wa maigidana ka riga shi."

Na ce Allah ya sa a gama lafiya. Na koma na ba kyankyasai abinci, alhali na ba su da safe.

Farfesa zai aika kundin ga mai jarrabawa na waje ranar ashirin ga wata.

Lahadi, 8 ga Oktoba

Na faɗa wa Maman yara. Tana yankan yadi a kan tabarma, yara sun tafi gidan yayarta. Na yi ta bayani, taga, fitila, ma'aunin zafi, har da ranar Litinin ɗin da hannuna ya wuce sabuwar fitila. Na ɗauka ba za ta gane ba. Ta ajiye almakashi ta ce, "Wato dumama su kake yi kamar ɗumame."

Na ce kusan haka.

Ta tambaya ko wani zai iya ganewa. Na ce wataƙila sai nan da shekara biyu ko uku, in wani a wani wuri ya gwada ya ga bai yi ba. Ta ce sunan wa zai ɓaci a lokacin?

Na ce ai idona ne, ba da gangan ba. Ta ce, "Na wata ukun nan ido ne, na yarda. Na ranar Litinin ɗin nan fa? Wannan kai ne, Baban yara."

Ta ɗauki almakashinta. Can ta ce, ba tare da ta ɗago ba, ita in ta yanka yadin mutum ba daidai ba, tun yana guntu-guntu take kiran mai shi, ba ta bari sai ya sa a jiki ya shiga mutane.

Shekara goma sha shida da aure, ban taɓa jin ta yi min magana da wannan muryar ba. Ba faɗa ba ne. Da faɗa ne da ya fi sauƙi.

Litinin, 9 ga Oktoba

Malama ba ta zo ba, ɗanta ba lafiya. Wannan karon gaskiya ne.

Talata, 10 ga Oktoba

Na san bakina ba zai iya ba, shi ya sa na shirya zuciya tun kafin ta iso. Na sa tabarau. Ta ce, "A'a, Kawu, yaushe?" Na ce ta zauna a kujerata. Na ba ta ƙas-ƙas. Na ce ta ɗebo ruwan gishiri zalla da hannunta, daga kwalbar da ta yarda da ita.

Ta ƙirga, 72. Ta ɗiga. Na jawo tsohuwar fitila kusa yadda nake yi, na nuna mata ma'aunin zafi. Muka jira minti biyu. Ta fara latsawa. Ina jin ƙas-ƙas ɗin yana sauri, sai ya fara tsallake, sai ya tsaya tun minti bai cika ba. Ba ta ɗago daga madubin ba.

Na faɗi sauran a bayanta. Taga, yamma, ido. Duka.

Ta ce, "Tun yaushe ka sani?"

Na ce sha tara ga watan jiya na yi zato, ashirin da ɗaya na tabbatar.

Ta ƙirga da yatsu. Ta ce mako uku. Sannan ta tsaya, na ga lokacin da abin ya faɗo mata. "Ranar da ya dawo fa? Ranar da na yi ihu?"

Na ce na sani a ranar.

Na zaci za ta yi kuka ko ta zage ni. Ta miƙe ta gyara mayafinta. Ta ce da na faɗa tun ranar, da tana da mako goma, da ta juya kundin wani wajen. Yanzu bakwai, kuma ukun da suka wuce ta ƙarar da su wajen goge babin da babu shi. Ta ce, "Ina matattakala ina kuka ina cewa ni ce ban iya ba, Malam." A ranar ban sani ba tukuna, washegari na gano. Ban gyara mata ba. Kwana ɗaya ne bambancin, ba ya wanke komai.

Malam. Tun da ta zo ɗakin nan ba ta taɓa kirana haka ba.

Laraba, 11 ga Oktoba

Ofishin Farfesa, mu uku. Malama ce ta yi bayani, a tsare, kamar tana karanta rahoto. Ta faɗi fitila, ta faɗi ido. Ba ta faɗi ranar ashirin da biyar ba. Ban sani ba ko rufa min asiri ta yi ko kuwa ba ta son ta sake jin sa a bakinta.

Farfesa ya ɗaga kai ya kalli silin. Ya ce laifin har da shi, shi ya kamata ya ce a gauraya, wata rana Bakwai da safe, wata rana zalla da yamma, kuma a rufe wa mai ƙirge sunan kwalba. Ya ce, "Shekara talatin ina koya wa yara wannan, a ɗakina kuma ban yi ba." Har ya fara cewa shi ke nan, kowa na kuskure.

Na ce, ranka ya daɗe, akwai saura. Na faɗi na ranar Litinin ɗin.

Ya cire tabaraunsa ya goge, ya mayar. Bai ɗaga murya ba. Ya ce zai ba ni takardar gargaɗi, za ta shiga fayil ɗina. Ya ce, "Da ka ce min idonka ya ragu, ka ɗauka korarka zan yi?" Na ce na ɗauka. Ya ce shekara goma sha bakwai muna tare, ashe ban san shi ba.

Wannan ta fi takardar ciwo.

Litinin, 16 ga Oktoba

An sake daga farko. Farfesa da kansa yake zuba kwalabe, ya sa musu haruffa, ya kulle takardar sirrin a aljihun teburinsa. Ma'aunin zafi yana cikin faranti koyaushe. Tsohuwar fitila na mayar wa mai sito. Ya ce, "Au, wannan tana raye?"

Malama tana gaishe ni, ina amsawa. Aiki kawai muke magana.

Juma'a, 27 ga Oktoba

Zuciya takwas a rana, wani lokaci tara. Babban yatsana ya yi kanta. Ina zuwa kafin mai shara.

Na san ba wannan ne zai dawo mata da mako uku ba.

Alhamis, 9 ga Nuwamba

An buɗe takarda a kan kashin farko, zuciya arba'in. Lamba Bakwai daidai yake da ruwan gishiri. Ko bugu ɗaya bai ƙara ba.

Malama ta kalli allon ta ce, "To." Ta tattara jakarta.

Ashe har yau akwai wani lungu a zuciyata da ke fatan ko da fitila ko ba fitila yana ɗan yin wani abu.

Laraba, 15 ga Nuwamba

Farfesa ya rubuta wa kwalejinta yana neman a ƙara mata wata shida. Sun ce a'a, tun bara ajinta ba malami. Ya ce mata kundin da babi uku ba zai tsaya ba, ba zai tura ta gaban mai jarrabawa ta sha kunya ba. Sai ta riƙa zuwa lokacin dogon hutu, a nemi wani abin da za a cike gurbin. Shekara ɗaya in an yi sa'a. Ya fi kama da biyu.

Na lissafa a bayan takarda abin da za a iya yi da mako goma. Ita ta faɗa, akwai Lamba Uku da Lamba Tara da ba a gwada su a kan hanji ba. Mako goma zai isa da ƙyar. Mako bakwai ba zai isa ba. Na sake lissafawa ta wata hanya ko zai fito daban. Bai fito ba.

Alhamis, 30 ga Nuwamba

Ta tafi yau. Mijinta ya zo da mota ya kwashi littattafai. Ya gaishe ni hannu biyu-biyu, yana godiya wai tana yawan ba shi labarina. Wato ba ta faɗa masa ba, ko ta faɗa shi ne mai kirki. Duk biyun ba daɗi.

Ta ajiye makullin firji a teburina. Ta ce a kula mata da kwalabenta, kada a bari su narke in wuta ta ɗauke. Na ce in sha Allah. Na ce, Malama, ki yafe min. Ta ce, "Na ji, Malam. Ka ba ni lokaci."

Mai shara ta tambaye ni yaushe ne bikin digirin, tana son ta yi ɗinki. Na ce an ɗaga.

Talata, 5 ga Disamba

Teburinta an ɗora masa kwalaye.

Laraba, 13 ga Disamba

Farfesa ya ce in ƙarasa kashi na biyu na kwalaben masu haruffa, don rahoto ya cika. Ni kaɗai nake yi, ba mai jira.

Tun makon jiya nake ganin wani abu. Ƙirge ba ya canzawa, saba'in saba'in ne. Amma in na ɗiga daga kwalba mai harafin G, matsawar ce take canzawa. Da sauran, zuciyar tana tsukewa rabi ta saki. Da G sai ta tsuke har bangonta biyu su kusa haɗuwa. Sau biyar na gani cikin biyar. Ban san me ke cikin G ba. Yana iya zama ruwan gishiri ne, idona ne ke sake yi min wasa.

Takardar aiki ba ta da gurbin wannan. Gida uku ne: harafi, kafin, bayan. Na ɗauko rula na ja layi na huɗu a gefe, na rubuta faɗin zuciya a buɗe da faɗinta a tsuke, da 'yan layukan awo da ke cikin madubin. Na kai wa Farfesa. Na ce ban tabbata ba, ga dai abin da na gani. Ya duba. Ya ce akwai saƙon da ba sauri yake cewa ba, ƙarfi yake cewa. Ya kai hannu aljihun tebur, sai ya fasa. Ya ce ba za a buɗe ba sai na yi ashirin, rabi da safe rabi da yamma.

Na ɗauki hoton shafin na tura wa Malama. Ban rubuta komai a ƙasa ba, don ban san me zan ce ba. Bayan la'asar amsa ta zo: "Zafi nawa?"

Na rubuta, 24, duka biyar ɗin.

Ba ta sake cewa komai ba. Ba wani abu ba ne, kada in ɗora wa kaina. Mai yiwuwa ruwan gishiri ne.

Sai yanzu da nake rubutu na lura ban tambayi kowa ba kafin in ja layin nan.